Tsargiyar Ƙuruciya Ta Biyo Ni Bayan Shekara 30

An haife ni a wani ƙauye cikin ƙasar Garun Malam, inda ruwan Tiga yake biyo magudanan siminti ya shiga gonakin Kadawa. A 1974 aka gama madatsar Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako, ni kuwa sai bayan haka da 'yan shekaru na zo duniya, don haka ban san garinmu babu ruwa ba. Baba ne yake ba mu labarin da, lokacin da in an gama girbin dawa samari sai su kama hanyar cin rani, gari ya zama daga tsofaffi sai mata. Da ruwa ya zo aka shiga alkama da tumatir da albasa, daga baya shinkafa. Da ruwan nan aka ciyar da mu, da shi aka yi mana aure, kuma har yau da shi nake ci, domin sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka na zo in zagi ruwa.

Muna yara, da an tashi daga makarantar allo da hantsi sai bakin magudana. Mu tuɓe, mu hau kan kwalbati mu yi ta tsalle, ba ma fitowa sai idanu sun yi ja, ko kuma mun hango wani babba da tsumagiya. In mun fito jiki yakan yi ƙaiƙayi, mu sosa mu manta. Ina ɗan shekara 8 ko 9 na fara ganin jini a fitsarina. Ba daga farko yake zuwa ba, sai an kusa gamawa, ɗigo biyu ko uku jajaye da ɗan raɗaɗi. Ban tsorata ba, saboda kusan duk abokan wasana haka suke. Wanda bai fara ba ma shi ake yi wa kallon ƙaramin yaro.

Inna ce ta ga tabon a wandona wajen wanki. Na ji ta da daddare tana ce wa Baba, "Malam, yaron nan fa jini yake fitsarwa." Baba ya ce, "Tsargiya ce, wa ya tsira? In ya girma za ta sake shi." Wasu a garin cewa suke zafin rana ne, wasu su ce alamar namiji ya fara ƙosawa ce. Aka jiƙa mini saiwoyi na sha kwana uku. Jinin bai tsaya ba sai da na kai wajen shekara 16, ya riƙa raguwa har ya ɗauke da kansa. Kowa ya ce maganar Baba ta tabbata. Ba na ganin laifinsa, Allah ya jiƙansa, abin da ya taras ke nan, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa wani abu daban.

Na koyi gyara, na buɗe rumfata kusa da Kwanar Gafan, na yi aure, aka fara samun yara. Wajen shekara 30 da wani abu na fara jin nauyi a kwiɓina na hagu, can baya ƙarƙashin haƙarƙari. Ba ciwo ne mai kayar da mutum ba, kamar dai an ɗora maka dutse ƙarami a ciki. Abin da na lura da shi, ya fi tashi in na sha ruwa da yawa a lokaci ɗaya, musamman da azumi bayan buɗa-baki. In je kemis, wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ne, wani ya ce yawan sunkuyo kan inji ne. Na sha ƙwayoyin ciwon jiki ba iyaka, irin waɗanda daga baya aka gaya mini su ma kansu suna cin ƙoda. Haka na yi kusan shekara 10 ina lallaɓawa.

Ina da shekara 43 abin ya fashe. Wata Laraba da yamma ina kwance wani inji sai kyarma ta kama ni, haƙora suna haɗuwa, ga rana ana ƙonewa. Da dare sai amai, kwiɓin kuwa ko taɓa shi ba a yi. Fitsari ya yi kauri ya yi wari. Aka yi mini alluran zazzaɓin cizon sauro, aka ƙara da na taifot, kwana uku babu sauƙi. A rana ta huɗu na fara sambatu. Mai ɗakina ta aika aka kira ƙanina, ta ce masa, "Wallahi ku ɗauki yayanku ku kai shi Kano, ni ban yarda da wannan zazzaɓin ba." Da ba ta dage ba, da wataƙila wani ne zai ba da labarin nan.

A babban asibiti aka ɗebi jini da fitsari, aka tura mu hoto. Mai hoton ya shafa mini wani abu mai sanyi a baya, ya ɗora na'ura, ya daɗe yana kallon allo bai ce komai ba, sannan ya kira wani suka duba tare. Abin da na ji kawai shi ne ƙodar hagu ta kumbura. Aka ƙara wani hoton na ƙashi, aka ƙara wani da ake zuba wa mutum magani ta jijiya a shigar da shi cikin na'ura mai kama da rijiyar da aka kwantar.

Likitan da ya karɓe ni mutum ne mai furfura kaɗan, mai magana a hankali. Ya ɗaga hoton ƙashin ya kara a haske, ya nuna mini wani farin zare siriri da ya kewaye mafitsarata, sak ɓawon ƙwai. Ya ce, "Malam, a ina ka girma?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ka yi tsargiya kana yaro?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi, amma ai ta warke tun ban yi aure ba." Ya girgiza kai. Ya ce jinin ne ya tsaya, aikin da ta yi a ciki yana nan.

Ya tambayi sana'ata. Da na gaya masa sai ya juya bayan wata takarda ya ce to ba zan sha wahalar ganewa ba. Ya zana ƙoda biyu a sama, mafitsara ɗaya a ƙasa, ya haɗa kowace ƙoda da mafitsarar da dogon layi. Ya ce waɗannan layukan tiyo ne guda biyu, su a wurinsu yureta suke ce musu, kuma daban suke da hanyar da fitsari yake bi daga mafitsara ya fita waje. Wallahi har na kai wannan shekarun ban san da su ba. A tunanina ƙoda a jikin mafitsara take, tana ɗiga a ciki kamar randa a ƙarƙashin indararo. Ashe ƙoda can sama take, gefen ƙashin baya, a ɓoye ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, mafitsara kuwa can ƙasa cikin mara. Tsakaninsu akwai tafiya. Tsawon kowane tiyo a jikin babban mutum santimita 25 zuwa 30 ne, kamar rular 'yan makaranta, faɗinsa kuwa milimita 3 zuwa 4, bai wuce bututun tawadar cikin biro ba. Yana gangarowa ta bayan hanji, a kwance kan wata doguwar tsoka da take bin ƙashin baya, ya tsallake manyan jijiyoyin jinin da suke zuwa ƙafa a bakin ƙashin ƙugu, sannan ya lanƙwaso ya shiga mafitsara ta bayanta.

Na ce masa to ai gangara ce, ruwa zai bi da kansa. Ya ce a'a. Ya ce da gangara ce kawai, da mutum in ya kwanta barci fitsari sai ya tsaya a ƙoda har gari ya waye. Jikin tiyon tsoka ce. Can sama, inda fitsari yake taruwa a ɗan mazurarin ƙoda, akwai wurin da yake tayar da motsi, sai matsa ta taso ta biyo tiyon daga sama zuwa ƙasa tana tura ɗan guntun fitsari a gabanta, kamar yadda yatsun Bafulatana suke bin hantsar saniya. Wannan ta isa, wata ta taso, sau 1 zuwa 5 a minti ɗaya, dare da rana, ko kana tsaye ko kana kwance. Ya ce ƙoda biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini, su mayar da kusan duka cikin jiki, abin da ya rage wajen lita ɗaya da rabi shi ne fitsari. Na lissafa a raina, jarka 7 ke nan mai lita 25 da ɗoriya. Na yi shiru ina tunanin injin da zai yi shekara 43 yana aiki ba a taɓa kashe shi ba, ba a canza masa ko roba ɗaya ba. Na ce Subhanallahi.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mashigar tiyon cikin mafitsara. Ba a miƙe yake huda ta ba. A karkace yake shiga, ya yi tafiyar kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a cikin naman bangon mafitsarar kafin ya buɗe baki a ciki. Don haka duk lokacin da mafitsara ta cika, ko ta matse za ta fitar da fitsari, bangon nata da kansa yake danne wannan ɗan guntun ya rufe, fitsari ba ya komawa sama. Na ce, "Likita, ai wannan shi ne bawul ɗin da muke ɗaurawa a bakin tiyon zuƙa don kada ruwa ya koma rijiya." Ya ce shi ne, illa iyaka wannan ba shi da marfi ba shi da ƙarfe, karkatar ce kawai take aikin.

To a nan ne tsargiya ta yi mini ɓarna. Ya ce tsutsa ce, kuma ba ta baki take shiga ba, ta fata. Wanda yake da ita in ya yi fitsari a ruwa, ƙwanta ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi ƙananan dodon koɗin nan da suke manne a jikin ciyawa da bangon magudana, su shiga jikinsu su hayayyafa, su fito dubbai cikin ruwa, ido ba ya ganinsu. Yaro yana iyo su huda fatarsa, ƙaiƙayin nan da muke ji ke nan. Su girma a cikin jini, su yi aure, mace da namiji su tare a jijiyoyin da suka kewaye mafitsara, su yi shekaru macen tana zuba ƙwai kullum ba fashi. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a gindinsa. Wasu su ratsa bangon mafitsara su fito da fitsari, su ne suke jawo jinin. Wasu kuwa su maƙale a cikin nama, a bangon mafitsara da ƙasan tiyon nan biyu. Jiki ya taru ya kewaye kowane ƙwai yana yaƙarsa, wurin ya warke da tabo, tabo a kan tabo. Tsutsar ta tsufa ta mutu, jini ya ɗauke, amma tabon yana ci gaba da ƙandarewa yana tsukewa. Farin zaren da na gani a hoto matattun ƙwai ne da suka zama kamar alli. A takardata ya rubuta bilhaziya, ya ce sunan wani likita Bajamushe ne, Bilharz, wanda ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851.

Ƙasan tiyona na hagu ya tsuke har ya kusa rufewa, kuma ya daina motsi, ya zama kamar tsohon tiyon da rana ta cinye. Ƙoda tana ta yin fitsari daga sama, babu hanyar wucewa sai ƙyar. Tiyon ya buɗe ya yi faɗi ya karkace, mazurarin ƙodar ya cika, naman ƙodar ya riƙa sirancewa saboda matsi daga ciki, har ta zama kamar salka. Shi ya sa in na kwankwaɗi ruwa da buɗa-baki nauyin yake ƙaruwa. Ruwan da ya kwanta kuwa kowa ya san ƙarshensa, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama, ya koma mugunya, ta fara shiga jini. Zazzaɓin ke nan. Na tambaye shi yaya aka yi duk shekarun nan ina fitsari lafiya lau. Ya ce ta dama ce take ɗauke da gidan. Ita ma tiyonta ya ɗan taɓu, amma yana wucewa.

A daren aka huda bayana da allura doguwa, ana kallo a na'ura, aka zura siririyar roba har cikin ƙodar, aka haɗa da leda. Abin da ya fito ba zan kwatanta shi ba. Kafin kwana biyu zazzaɓi ya sauka, na gane mutane.

A gadon da yake kusa da nawa akwai wani direban babbar mota, ƙato, wanda aka kawo yana birgima a ƙasa yana salati. Ba ya iya kwanciya, ba ya iya zama, yana cewa ciwon daga baya yake tasowa ya zagayo mara ya sauka har maraina. Tsakuwa ce ta fito daga ƙodarsa ta maƙale a tiyo, kuma da aka nuna masa girmanta a hoto ba ta kai ƙwayar wake ba. Likitanmu ɗaya, don haka na ji bayanin da ya yi masa. Ya ce tiyon yana da wurare uku da ya fi matsewa: inda ya baro ƙoda, inda ya tsallake jijiyoyin jini a bakin ƙugu, da mashigar mafitsara, wadda ta fi duka ƙunci. A ɗaya daga cikinsu tsakuwa takan tsaya, tsokar ta yi ta matsawa da ƙarfi tana son ture ta, ƙoda ta cika cikin sa'o'i kaɗan. Wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci takan wuce da kanta, tasa ta ɗan fi haka. Na daɗe ina kwatanta mu biyu. Shi tasa ta toshe a dare ɗaya, ihunsa ya kawo shi asibiti da gudu, aka ciro tsakuwar, ya koma kan motarsa da ƙodarsa lafiya. Ni tawa a hankali ta tsuke, ba ta taɓa sa ni ihu ba, kuma ni ne na yi asara.

Na koma gida da leda a ɗaure a gefe ƙarƙashin riga. Abin da ya fi damuna ba kallon mutane ba ne, salla ce. Na kasa sakewa, ina ganin najasa a jikina kullum. Na je wurin limaminmu na gaya masa. Ya ce, "Malam, lalura ce. Hukuncinka na mai yoyon fitsari ne. Ka tsabtace abin da za ka iya, ka yi alwala, ka yi sallarka." Na fita daga zaurensa da hawaye. An ba ni maganin tsutsar ma, farazikwantal, ƙwayoyi farare manya masu ɗaci, an auna nauyina aka ƙirga mini, na sha a rana ɗaya, ko da akwai sauran masu rai. Likita ya faɗa mini gaskiya, maganin yana kashe tsutsa amma ba ya narkar da tsohon tabo. Ga yaro, in an kama da wuri, kumburin yakan baje ya koma daidai. Ga wanda ya kai irin nawa sai wuƙa. Na kalli ƙwayoyin nan a tafin hannuna na daɗe kafin in haɗiye su.

Bayan makonni aka sake gwaji don a ga ko ƙodar hagu tana da sauran amfani. Aka ce ta yi rauni ƙwarai, amma tana aiki daidai gwargwado, kuma tunda ta dama ma ba cikakkiyar lafiya gare ta ba, gara a ceto abin da ya saura. Na jinginar da gonar gado, na sayar da injuna biyu da nake bayarwa haya, 'yan'uwa suka yi karo-karo. Allah ya saka musu.

Aikin da aka yi, an tsaga marata, aka yanke guntun da ya ƙandare aka jefar. Sauran tiyon mai lafiya bai kai mafitsara ba, sai aka jawo mafitsarar sama aka ɗinke ta a jikin tsokar nan ta gefen ƙugu don su haɗu. Sannan aka haƙa sabuwar hanya a karkace cikin bangonta aka zura tiyon, don bawul ɗin ya dawo. Aka bar wata siririyar roba a ciki daga ƙoda har mafitsara, mai lanƙwasa a kowane baki kamar ƙugiya don kada ta zame, ta riƙe hanyar a buɗe har ɗinki ya kama. Mako 6 na yi da ita. Ba ta da daɗi, kullum kana jin fitsari, wani lokaci da ɗan jini, kuma in kana fitsari sai ka ji tsiko a kwiɓi, saboda robar ta hana bawul rufewa, matsin yana komawa sama. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta mini ranar cirewa da jan biro, ta ce, "Baba, don Allah kada ka ji sauƙi ka ƙi dawowa." Ta ce akwai masu mantawa da ita shekara da shekaru, tsakuwa ta lulluɓe ta, cirewar ta zama wani babban aikin. Ranar da aka sa na dawo, da asuba ma.

A layin ganin likita mai ɗakina ta saba da wata baiwar Allah da aka cire wa mahaifa a wani wurin, bayan kwanaki ta fara yoyon fitsari alhali tana yin nata na al'ada. Ashe ita ma tiyon ne aka taɓa. A jikin mace yana wucewa daf da bakin mahaifa, ƙarƙashin jijiyar da take kai wa mahaifa jini, don haka in ana ɗaure jijiyar cikin gaggawa ana iya haɗawa da shi. Irin aikina aka yi mata. Mun haɗu da ita da mijinta daga baya, ta bushe.

Wata 3 bayan an cire robar na koma hoto. An sa na sha ruwa na riƙe fitsari. Mai hoton ya juyo mini da allon ya ce in kalli ƙasan mafitsara. Ya taɓa wani maɓalli, sai na ga wani jan abu ya feso daga gefe ɗaya kamar harshen wuta, ya ɓace. Ya ce na dama ke nan, tiyo ya tura. Muka jira. Na ji zuciyata tana bugawa. Can sai ga wani ya feso daga ɗaya gefen, ƙarami, bai kai na farkon ƙarfi ba, amma ya feso. Na ce Alhamdulillahi da ƙarfi har na waje suka ji. Ƙodar ba za ta koma yadda Allah ya halicce ta ba, naman da ya tafi ya tafi. An hana ni ƙwayoyin ciwon jiki barkatai, ana duba hawan jinina, kuma lokaci-lokaci ana leƙa mafitsarata da na'ura, domin mafitsarar da tsargiya ta daɗe a cikinta tana iya haifar da ciwon daji.

Ina dawowa gida daga aikin, ɗinki bai gama warkewa ba, na tara yarana maza uku a ɗaki na rufe ƙofa. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Babban ya ce a'a, ƙaramin ya ce a'a. Na tsakiyar, ɗan shekara 11, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Tun yaushe?" Ya ce, "Tun bara, Baba." Na ce me ya hana ka faɗa. Ya ce, "Ai kowa ma yana yi." Maganar da na girma a kanta ce, ba a canza ko kalma ɗaya ba, kuma a cikin gidana. Abin da ya fi ci mini rai, an taɓa zuwa makarantarsu da maganin, ana tsayar da yara jikin wani sanda mai zane a auna tsayinsu a ba su ƙwayoyi daidai da shi, kyauta. Ni da bakina na ce kada 'ya'yana su karɓa, saboda na ji ana cewa yana sa jiri da amai, wasu kuma suna raɗe-raɗin abin da ya fi haka. Jirin gaskiya ne, musamman in yaro ya sha da yunwa, shi ya sa ake cewa a ci abinci tukuna, kuma kafin yamma yakan wuce. Sauran maganganun ban ga komai a cikinsu ba.

Washegari na kai su duka, har da 'yan matan, domin su ma suna wanki da wanke-wanke a bakin ruwa, kuma an gaya mini a jikin mace ƙwan yana kama har al'aura da bakin mahaifa. Aka ce a kawo fitsarin tsakar rana, tsakanin ƙarfe 10 da 2, lokacin da ƙwai ya fi fita, kuma a haɗa da ɗigon ƙarshe. Mai awon ya bar ni na leƙa madubin. Na ga ƙwan da idona, dogo-dogo da ɗan tsininsa a gindi. An samu a jikin na tsakiyar da ƙanwarsa ɗaya, wadda ba ta taɓa ganin jini ba. Aka ba su magani, aka yi wa yaron hoto, tiyonsa biyu lafiya.

Hana yaro ruwa a garinmu ba ƙaramin aiki ba ne, ga zafi, ga ruwa yana gudu a bayan gida, kuma wanda ya sha magani in ya koma zai iya sake ɗauka. Abin da na iya yi, na sayi duro biyu. Ruwan magudana in an ɗebo sai ya kwana biyu kafin a yi wanka da shi, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka in ba su samu jikin mutum ba. Ni kuma in zan shiga ruwa ɗaura inji sai da dogon takalmin roba. Duk shekarar da masu sanda suka zo makaranta, ni nake raka nawa, da kokonsu da ƙosai a ciki.

Makon jiya na je gyara wata gonar shinkafa, na tarar da yara sun kai goma a kan kwalbatin da muke tsalle a da. Ɗaya ya fito ya tsaya a bakin ruwa zai yi fitsari a ciki. Na kira shi, ya zo yana ɗigar ruwa. Na ce, "Yaro, kana ganin jini in ka gama?" Ya kalli abokansa, ya ce, "Eh, Baba, amma kaɗan ne." Na tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya faɗa, ashe na san uban, na taɓa gyara masa inji. Bayan Magariba na ɗauki hoton nan mai farin zare daga cikin akwati, na sa a aljihu, na je na yi sallama a ƙofar gidansu.